Gasar tsallen yara a Salisbury da filayenmu da muka yanka shaguna

A kusurwar arewa maso yammacin jihar Connecticut ta Amurka akwai wani gari mai suna Salisbury. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa ba su cika 4,200 ba. Amma duk farkon watan Fabrairu garin nan yana tara 'yan wasan tsallen zamiyar ƙanƙara daga jihohin gabashin ƙasar, yawancinsu yara da matasa, kuma a 2011 shi ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta Amurka baki ɗaya. Ba gwamna ke shirya gasar ba, ba sanata ba, ba wani babban kamfani ba. Ƙungiya ce ta mutanen gari, Salisbury Winter Sports Association, masu aikin sa kai ke riƙe da ita. Ina zaune ba nisa da garin, ina zuwa kallo idan lokacin ya zagayo, kuma abin da nake son faɗa shi ne: abin da ya raya wasan nan a Salisbury mu ma muna da shi, gadonsa muka yi, amma muna sakinsa da hannunmu muna jiran mai jiniya ya zo ya riƙe mana.

Yawancinmu a talabijin kawai muka taɓa ganin wasan, in ma mun gani. Hasumiya ake ginawa a kan tudu, da doguwar gangara mai santsi tun daga ƙolinta. Ɗan wasa yana ɗaure ƙafafunsa a kan alluna biyu masu faɗi waɗanda suka fi shi tsawo sosai, don doka ta yarda su kai kashi 145 cikin 100 na tsayinsa. Sai ya zauna a kan wata sanda da aka gicciya can sama, ya zuba wa kocinsa ido. Kocin yana tsaye a gefe yana karanta iska, in ta yi daidai ya sauke hannu. Yaro ya saki sandar, ya duƙa, ya mai da hannuwa baya, ya gangaro cikin layuka biyu da aka yanka a ƙanƙara. A babbar hasumiyar Salisbury gudun yakan kusa kilomita 80 a awa kafin ya iso baki. A bakin nan ne wasan yake: cikin ƙiftawar ido zai zabura da ƙarfin cinyoyinsa, ya kwanta a kan iska, ya buɗe kawunan allunan su yi siffar harafin V, ya tafi. Mai kallo daga ƙasa sai ya ɗauka yaron ya yi sama da nisa, alhali kuwa gangaren yake bi, tsakaninsa da ƙasa 'yan mitoci ne kawai. In ya zo sauka, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe.

Maki kashi biyu ne, na nisa da na kyan tsalle. Kowane tudu yana da layin da aka auna masa. A yawancin tudda, wanda ya sauka a kan layin ya sami maki 60, kowace mita gaba ƙari, kowace mita baya ragi. Na kyan tsalle kuma alƙalai 5 ke bayarwa, kowa har zuwa maki 20, sai a yar da wanda ya fi yawa da wanda ya fi ƙaranci a tara ukun tsakiya. Wannan ƙa'ida tana burge ni. Ta san ɗan Adam yana da son kai, ba ta tsaya yi masa wa'azi ba, sai ta toshe hanyar. Duk wanda ya taɓa ganin wasan ƙarshe na kofin unguwa ya tashi da jifa saboda an ce alƙalin wasa ɗan uwan mai ƙungiya ne, ya san amfanin irin wannan tsari.

Asalin wasan na mutanen Norway ne. A 1808 wani hafsan soja, Olaf Rye, ya yi tsallen mita 9.5 a gaban sojoji, shi ne na farko da aka rubuta. A watan Maris na 2025 kuwa Domen Prevc na Slovenia ya kai mita 254.5 a tudun Planica na ƙasarsu. Salisbury baƙo ne ya kawo mata shi. Wani ɗan Norway, John Satre, ya sauka garin a shekarun 1920 yana aikin direba. Labarin da mutanen gari ke bayarwa shi ne ya hau rufin wata rumfa da allunansa ya diro, don ya nuna musu yadda ake yi a ƙasarsu. 'Yan uwansa suka biyo shi, aka share tudu, aka yi gasa ta farko a watan Janairun 1927, kuma har yau tudun sunan gidansu yake amsawa. Daga tudun nan Roy Sherwood ya taso, ya zama zakaran Amurka a 1954, shan inna ta kama shi, ya murmure, ya wakilci ƙasar a Olamfik na 1956 a Cortina ta Italiya. Wannan yanki na tarihin yana taɓa zuciyata, domin ni ma baƙo ne mai neman halak a ƙasar nan. Direba ɗaya ya kawo abu, masu gari suka karɓa, suka riƙe shi kusan shekara 100.

Babbar hasumiyar ce ke fitowa a hotuna, amma ni ƙananan tuddan da ke gefenta su suka fi ɗaukar hankalina. Akwai na mita 20, wato nisan layin da aka auna masa, akwai wanda ya ɗan fi shi, sannan babban mai kusan mita 70. Kafin ma na mita 20, yaro yana farawa ne da gangarowa kawai ba tsalle, sai a tara masa ɗan tudun dusar ƙanƙara da bai wuce gwiwa ba. Ba ya hawa mataki na gaba sai koci ya ce ya isa, ko da ubansa ne ya fi kowa ba da gudummawa. Wani zai yi damina uku, ko in ce hunturu uku, a tudu ɗaya, ba mai yi masa gori.

Ranar Asabar da safe ake gasar ƙananan. Na tsaya kusa da matakalar tudun mita 20 na ga wata yarinya da ba za ta wuce shekara 8 ba, hular kwano a kanta, alluna a kafaɗa suna rinjayarta, tana hawa tana haki. Ubanta yana biye da ita, hannunsa a aljihu, bai karɓar mata ba. Ta zauna a kan sanda, ta gangaro, ta ɗan tashi, ta sauka, ƙafarta ta goce, ta tafi da gefe har ƙasa. Wurin ya yi tsit. Ta miƙe, ta kakkaɓe, ta ɗaga hannu, sai ƙararrawa ta kaure ko'ina, irin ƙararrawar da ake rataya wa shanu a wuya, da ita suke jinjina wa 'yan wasa. Mai sanarwa ya kira sunanta da sunan ƙungiyarta da nisan da ta yi, da muryar da zai kira zakaran jihohin gabas da ita ranar Lahadi, bai rage komai ba. Ta saɓa allunanta ta koma matakala. Yarinyar nan ta tashi da sanin cewa garinsu ya san sunanta, ya auna abin da ta yi, ya rubuta.

Aikin da ke bayan wannan rana ba ƙarami ba ne. Dusar da ke faɗowa daga sama ba ta da tabbas, don haka inji ake kunnawa ya yi ta feso ruwa da iska a daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kuma sai mutane sun kwana a wurin suna jan tiyo suna juya bakin injin. In ta taru a bi ta da shebur da manjagara. Daga nan sai ka ga mutane sun yi sahu a gangaren, kowa da alluna a ƙafa, suna saukowa a gicciye taki ɗaya bayan ɗaya suna danne ta, domin rami ɗaya a wurin sauka yana iya karya yaro. Ana watsa 'yan koren rassa a kan farar ƙasar don mai tsalle ya iya gane inda ƙasa take daga sama. Ranar gasa wasu za su jeru a gefen gangaren, kowa da mitocin da aka ba shi ya tsare, idonsa ba ya kan fuskar yaro, yana kan inda ƙafafunsa za su taɓa, in a wurinsa ne ya ɗaga hannu. Wasu na hura wutar jin ɗumi, wasu na sayar da tikiti, wasu na dafa abinci, wasu na nuna wa motoci wurin tsayawa. Motar asibiti tana tsaye a ƙasan tudu, ita ma masu sa kai na gari ke tuƙa ta. A cikin sahun nan akwai kafinta, akwai malamar makaranta, akwai tsohon da ya yi ritaya wanda shi ma a tudun ya yi tsalle yana yaro. Ba mai zama a kujerar manyan baƙi yana kallon wasu suna yi.

Da tsohuwar hasumiyarsu ta katako ta tsufa, aka nuna musu ba za a ba su gasar matasa ta ƙasa ba sai sun sake ta, ƙungiyar ta bi mutane da 'yan kasuwar yankin ta tara kusan dala 700,000, aka kafa ta ƙarfe, aka yi gasar a watan Fabrairun 2011.

Na tura wa yayana bidiyon gasar ta WhatsApp, na kira shi ina ta ba shi labari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Haba ƙanena, waɗannan ai cikinsu ya cika ne. Wanda bai san na dare ba ina ya ga ta tsalle?" Na ce, "Yaya, gaskiyarka, amma mu da muka yi kokawa a dandali cikinmu cike yake?" Ya yi shiru, ya ce wancan zamani ne daban.

Maganar Yaya tana da nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Salisbury gari ne na masu hali. Attajiran New York suna da gidajen hutu a wurin, makarantar Hotchkiss mai tsadar gaske tana cikin yankinsa, kuma dala 700,000 ba kuɗin da garinmu zai tara ba ne ko an shekara ana yekuwa. Kayan wasan ma da tsada, ga tafiye-tafiye zuwa gasa a garin Lake Placid na jihar New York da sauran wurare. Sai dai kuɗi shi kaɗai bai bayyana abin ba. A da jihohin wannan yanki cike suke da tuddan tsalle. Da hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta cire wasan daga gasarta a farkon shekarun 1980, kuɗin inshora kuma ya yi ta hawa, sai tudda suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har a garuruwan da suka fi Salisbury arziki. Daji ya cinye su. Waɗanda suka rage, sun rage ne a inda aka sami mutanen da suka ƙi tashi. Tudun Harris na garin Brattleboro a jihar Vermont, wanda aka gina a 1922, ya lalace har aka rufe shi wasu shekaru, mutanen gari suka yi karo-karo aka sake buɗe shi a 2009. A jihar New Hampshire kaɗai 'yan sakandare ke yin wasan a matsayin gasar makarantu, kuma ƙananan ƙungiyoyin garuruwa irin su Andover da Lebanon su ke ciyar da ita da yara. Ba kuma don lambar yabo suke yi ba. Amurka duk girmanta lambar Olamfik ɗaya tak ta taɓa samu a wasan nan, tagullar Anders Haugen ta 1924, ita ma sai a 1974 aka miƙa masa bayan an gano kuskuren lissafi. Suna yi ne don 'ya'yansu su sami abin yi a watannin sanyi, garin kuma ya sami ranar da zai haɗu.

To mu fa? Wanda ya girma a ƙauye ko ƙaramin gari a ƙasar Hausa, in ya kai shekara arba'in, ya san duk abin da na lissafa a sama, sai dai ba ƙanƙara. In an kai amfani gida, wata ya yi fari, sarkin samari zai tara yara a share dandali, a tsince ƙaya da tsakuwa, a yayyafa ruwa don ƙura. Makaɗa suna gasa fatar ganga a bakin wuta, ƙananan yara su ke buɗe fage. Tsofaffin 'yan kokawa suna zaune a gaba, su ke cewa wane ya kama da wane, kuma ba sa haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa. Daga yara sai samari, daga samari sai manya, sai baƙin da suka zo daga ƙauyukan kewaye, waɗanda za a sauke a gidaje a ciyar da su ba tare da an rubuta wa kowa takardar neman tallafi ba. Langa ma haka, unguwa da unguwa, ana kare ruwa ana ture abokan karawa da ƙafa ɗaya a hannu. Dambe yana hannun mahauta da kalangunsu. Matakala daga ƙarami zuwa babba, dattijon da ke cewa ka isa ko ba ka isa ba, aikin gayya, ranar da kowa ya sani: duka muna da su, ba daga Norway aka kawo mana ba.

Abu na farko da muka rasa shi ne fili. Filin firamaren da na yi, a da sai ka tsaya a wannan raga ka ƙwala kira kafin na waccan ya ji ka. Aka fara da jera shaguna a bakin titi, aka ce don makaranta ta sami kuɗin shiga. Aka ƙara layi na biyu. Aka yanka wani ɓangare aka ce fuloti ne. Zuwana na ƙarshe na tarar yara suna buga ƙwallo a kan titi, suna ɗauke duwatsun raga duk lokacin da Keke Napep ya taho. Dandalin unguwarmu kuwa wani ya fito da takarda ya ce gadon kakansa ne. Ban ce ba a buƙatar shaguna ba, mutane sun yi yawa, kowa yana neman abinci. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya tsaya ya ce wannan na yara ne. Mu duka muna gani, masu ilimi da masu sarauta da 'yan kasuwa, muka yi shiru saboda mai yankawa ɗan uwa ne ko na sama ne. A Salisbury ƙasa tana da tsadar da ba a magana, tudun Satre kuma yana bayan tsakiyar gari, wurin da mai gina gidaje zai so ƙwarai. Yana nan yadda yake saboda akwai ƙungiyar da ke tsaye a kansa.

Abu na biyu shi ne mun miƙa wasan ga 'yan siyasa. Zaɓe na matsowa sai ka ji an sa kofin Honarabul wane. A ɗinka riguna da hotonsa a ƙirji, a yi makonni ana bugawa, ranar ƙarshe yara su bushe a rana suna jiransa, ya iso bayan la'asar da ayarin motoci, a yi jawabai, a watsa kuɗi, a tashi. Bayan zaɓe ko ya ci ko ya faɗi, kofi ya mutu. Ka tambayi wa ya ci na shekaru biyar da suka wuce, ba mai iya gaya maka, don ba littafin da aka rubuta. Yaron da ya nuna bajinta ba wanda zai neme shi baɗi. Kayan aro dai ba ya rufe katara. A Salisbury ma akwai masu tallafi, za ka ga sunayen shaguna da bankunan yankin a jikin shinge, amma gasar ba ta wani ba ce, kuma ba ta jiran kowa. Ko wa ya ci zaɓe, Fabrairu na zuwa za a hau tudu.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya yi kusan shekara 10 ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Matsalar tsaro gaskiya ce, amma bikin da ya koma dogaro da kasafin gwamnati, duk ranar da gwamnati ta ja baya shi ma sai ya kwanta. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu riƙo a nan. Tun 1975 da aka fara gasar takobin kokawa a Tahoua, wadda Kantu na Maradi ya ci, gasar take zagaya jihohin ƙasar, kowace jiha da filin kokawarta na dindindin, kuma yaro a ƙauye yana iya lissafa maka zakarun tun daga Kantu har zuwa Issaka Issaka na Dosso. Gasar ta gwamnati ce, na yarda, amma abin da ya ba ta ƙarfi shi ne kokawar ƙauye da ke ƙarƙashinta, inda ake tankaɗe da rairaya kafin mutum ya wakilci jiharsa. Ranar da dandalin ƙauye ya mutu, takobin ma zai rasa masu ɗaukarsa.

Dambe a Najeriya yanzu yana tashe, gidajen dambe a Kano da Dei-Dei ta Abuja suna cika, bidiyonsa yana yawo a YouTube har ƙasashen da ba su san Hausa ba. Ina farin ciki da hakan. Amma ina kallon wasu bidiyoyin gabana yana faɗuwa, in na ga yaro da bai gama girma ba an haɗa shi da ƙato saboda 'yan kallo su zuba kuɗi, ba likita a kusa, ba wanda zai ce ya huta makonni bayan ya sha naushi a ka ya faɗi. Tsallen ƙanƙara wasa ne mai haɗari, shi ya sa suka kewaye shi da dokoki: hular kwano dole, koci ke ba da izinin gangarowa, in iska ta juya a dakata ko da 'yan kallo sun gaji da jira. Dattawan dandalinmu wannan aikin suke yi da idonsu da kwarjininsu. Da wasan ya bar dandali ya koma gidan tikiti, ba a maye gurbinsu da komai ba.

Akwai kuma abin da muka fi su, kuma ina jinsa a jikina duk lokacin da nake tsaye cikin sanyin nan. Ƙararrawa ba ta kai kalangu ba. Mai sanarwarsu yana faɗin suna da mita, namu maroƙin yana kiran yaro da uwarsa da ubansa da garinsu har tsigar jikinsa ta tashi. Wasanninmu ba sa buƙatar inji ko kayan dala ɗaruruwa. Ɗan talaka da ɗan mai kuɗi da gajeren wando ɗaya suke shiga fage. A taron Salisbury kuwa in na waiga, masu irin fatata ba su da yawa, kuma duk da ƙungiyar tana ƙoƙarin sauƙaƙa wa masu farawa, iyalin da ke aiki biyu don biyan haya da wuya su bi yaro gari-gari duk ƙarshen mako. Ga kuma hunturu da ke ƙara ɗumi. Ruwan sama na kwana ɗaya yana iya wanke aikin mako biyu, su sake daga farko. Su da sama suke fama, abin da ba su da iko a kansa. Namu yawancinsa a hannunmu yake.

Maganar 'yan mata ma kada mu ɗauka can an daɗe da gamawa. Maza suna tsalle a Olamfik tun 1924, mata sai a 2014 a Sochi aka ba su dama, bayan Lindsey Van da wasu 'yan wasa sun kai ƙara kotu a Kanada gabanin wasannin Vancouver na 2010. Amma yau a ƙananan tuddan Salisbury yarinya da yaro layi ɗaya suke bi. Mu 'yan matanmu suna da gaɗa, suna da dandalinsu da waƙoƙinsu, kuma ita ce ta fara ɓacewa kafin ta maza. Ban ce a sa 'ya'yanmu mata dambe ba. Cewa nake yarinya ma jiki gare ta, tana buƙatar gudu da tsalle da dariya cikin ƙawayenta, kuma harabar makaranta mai katanga da malamai mata a tsaye ta isa a yi tsere da gaɗa cikin mutunci.

Na san akwai garuruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Tillaberi inda fitowa dandali da dare yau kasada ce da rai. Waɗannan ba da su nake ba, Allah ya kawo musu sauƙi. Ina magana da garuruwan da ke kwana lafiya amma yaransu ba su da inda za su tsaya sai bakin shagon cajin waya.

Kuma ina magana da mu da ke waje, don mu ma muna da laifi. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba, muna da zaurukan WhatsApp, muna tura kuɗin gyaran masallaci da rijiyar burtsatse da katangar maƙabarta, duka ayyukan lada ne. Amma in aka zo kan yara, iyakarmu mu sayi riguna da ƙwallo mu aika a ɗauki hoto. Abin da ake buƙata ya fi wannan arha, ya kuma fi shi wuya. Rana ɗaya tsayayya a shekara, bayan kaka, wadda ba ta motsi don kowa. A raba yara bisa shekaru da girman jiki, ƙanana su fara. A nemo tsofaffin 'yan kokawa da 'yan langa da ke zaune a gari ba mai tambayarsu komai, a ba su alƙalanci da girman da ya dace da su. A sami littafi ɗaya mai bango mai kauri a hannun malamin makaranta, a rubuta sunan duk yaron da ya shiga, ba wanda ya ci kaɗai ba. Ma'aikacin asibitin gari ya zauna a gefe da akwatinsa. Mai son ba da gudummawa ya bayar a yi masa godiya a lasifika, amma kofin sunan gari zai ɗauka.

Kafin duk wannan sai an sami ƙasa. A garinmu akwai sauran fili ɗaya gabas da kasuwa da ba a kai ga yankawa ba. Maganar da zan kai taron ƙungiyarmu na gaba ita ce a tura wakilai wurin hakimi da ofishin filaye na ƙaramar hukuma a rubuta shi da sunan gari, a kafa duwatsun iyaka tun kafin damina, in ruwa ya sauka a kewaye shi da dogon yaro.